Asibitin zuciyar da ya duba mai ɗakina bayan haihuwa a Kumasi, da likitan da jami'a ta ɗauke mana

Mako uku bayan sunan ɗanmu na uku, mai ɗakina ta daina iya kwanciya a miƙe. Da farko filo biyu take tarawa, daga baya uku, har ta koma kwana a zaune tana jingine da bango, ga tari yana tashinta cikin dare, ga ƙafafu sun kumbura har takalminta ya ƙi shiga. A gidanmu da ke Aboabo kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce gajiyar haihuwa ce, wasu suka ce sanyi ne ya shige ta saboda ba ta riƙe wankan jego yadda ya kamata ba, don haka aka ƙara wa ruwan wankan zafi, aka kuma ƙara mata kunun kanwa. Ranar da muka kai jariri awo, ungozomar da ta karɓi haihuwar ta dubi yadda take haki daga ɗan tattakin da ta yi, ta danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba, sai ta rubuta mana takarda ta ce kada makon ya ƙare ba mu ga likitan zuciya ba.

Wurin da muka je ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a cikin Kumasi, gidan bene ne da aka mayar wurin duba marasa lafiya, kuma mota ɗaya ce take kai mutum can daga unguwarmu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin a bayanina akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ma'aikatansa ba su san zan rubuta ba. Abin da nake so mutanen zango su samu a nan shi ne sanin irin hidimar da ya kamata su nema a duk inda suka kai mai ciwon zuciya, da irin abin da ya kamata su tambaya tun kafin su biya kuɗi.

Alheri na farko da muka tarar shi ne nas ɗin da take karɓar mutane a ƙasa, 'yar zango ce mai jin Hausa da Tuwi da Turanci. Wanda bai taɓa raka tsohuwa asibiti ba zai iya raina wannan, amma surukata, wadda ta ce ƙafarta ƙafar 'yarta, Hausa kaɗai take sakin jiki da ita. Nas ɗin ta russuna ta gaishe ta, ta ce, "Mma Hajiya, ku zauna nan kusa da ita, duk abin da likita ya faɗa ni zan mayar muku da Hausa." Ta auna nauyin mai ɗakina, ta auna jininta sau biyu, hutu a tsakani, ta tambayi ranar haihuwa da yadda cikin ya kasance, musamman ko an taɓa ce mata jininta ya hau a watannin ƙarshe. Kafin a taɓa ta da wata na'ura, an rubuta mana kuɗin ganin likita da na kowane gwaji a takarda ɗaya, kuma abin da aka rubuta shi muka biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, ba a ƙara ko sisi ba. Kuɗin dai yana da nauyi ga mai albashin malamin makaranta irina, kuma ba sa karɓar katin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda Gana ta kafa da dokar 2003. Duk mai niyyar zuwa irin wannan wuri ya san da haka tun daga gida.

Gwaji biyu aka yi mata a ranar. Na farko shi ne na bugun zuciya, wanda ma'aikatan suke kira ECG: aka manna mata wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, cikin 'yan mintuna takarda ta fito da zane. Mace ce ta yi mata, a bayan labule, ba tare da mun roƙa ba, kuma na yaba da wannan ƙwarai. Na biyu shi ne hoton zuciya da suke kira eko, irin na'urar da ake duba jariri a ciki da ita, sai dai a nan ƙirji ake ɗora ta. Likitan da kansa ya yi wannan, mutum ne da furfura ta fara cin kansa, ba ya gaggawar magana. Ya sa ta kwanta ta gefen hagu, ya shafa man a kan abin dubawar, ya ɗora shi tsakanin haƙarƙari, sannan ya yi abin da ban taɓa ganin wani likita ya yi mana ba: ya juyo da allon na'urar wajenmu, ya kira ni da Hajiya mu matso. Muka ga zuciyar tana motsi a cikin hoto mai toka-toka. Ya nuna mana babban ɗaki na hagu, wanda yake tura jini zuwa dukan jiki, ya ce mu lura da bangonsa. Maimakon ya matse da ƙarfi kamar hannun da yake tatsar lemo, sai yake ɗan motsawa kawai, ɗakin kuma ya buɗe fiye da ƙima. Ya ce lafiyayyar zuciya takan fitar da fiye da rabin jinin da yake cikin wannan ɗaki a kowane bugu, tata kuwa kashi 30 cikin 100 take fitarwa, shi ya sa ruwa yake taruwa a huhu idan ta kwanta, yake kuma sauka ƙafafu idan ta wuni a zaune. Sunan ciwon shi ne raunin tsokar zuciya na lokacin haihuwa, wanda yakan kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan ta sauka.

Inda na fi auna darajar mutumin shi ne yadda ya bi da surukata a kan maganar kanwa da wanka. Ya tambayi abin da mai jegon take ci da sha, Hajiya ta lissafa da alfahari, domin a wurinta wannan ita ce kulawar da uwa take yi wa 'yarta. Bai katse ta ba, bai kuma nuna mata ta yi laifi ba. Ta bakin nas ya ce, "Hajiya, kun yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma zuciyar 'yarku a yanzu kamar jakin da ya gaji ne, duk abin da zai ƙara masa kaya sai mu sauke." Ya bayyana cewa kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da yake riƙe ruwa a jiki yana cikinta da yawa, don haka a dakatar da kunun, a cire ta daga miyar ayoyo da wake, a bar busasshen kifi mai gishiri irin su kobi da momoni, a rage dunƙulen miya. Ruwan wanka kuma ya zama mai ɗumi kawai. Hajiya ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce da kanwa aka yi jegon duk 'ya'yanta bakwai. Ya amsa da cewa ya yarda, mata da yawa suna sha su wuce lafiya, amma wadda zuciyarta ta raunana ba ta cikin wannan sahu. Daga ranar Hajiya da kanta ta zama mai gadin tukunyar, kuma na tabbata da an yi mata tsawa a ɗakin nan da ba a samu haka ba.

A nan ne ya ambaci cewa a ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga cikin sanannun bincike a kan wannan ciwo, abin da ya sa na koma gida na bi diddigi. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Eldryd Parry ɗan Birtaniya da abokin aikinsa Davidson sun lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, har aka ƙiyasta kusan mace ɗaya a cikin haihuwa 100, adadin da yake cikin mafi yawa da aka taɓa rubutawa a duniya. Sun danganta abin da al'adun jego na kwana arba'in, wato wanka da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa. Binciken da ya biyo baya a Kano, wanda Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta, ya nuna cewa lamarin ya fi haka faɗi, domin rashin wadataccen abinci, ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki da hawan jini na lokacin ciki duk suna da hannu. Abin da ya ƙara kama hankalina shi ne, shi wannan Parry daga baya ya zo nan Kumasi, ya shugabanci makarantar horar da likitoci ta jami'ar kimiyya da fasaha da muke kira Tech daga 1980 zuwa 1985. Ilimin da aka tattara a kan matan Zariya ya biyo hanyar da kakanninmu fatake suka bi da goro, ya iso garin da muke zaune.

Magunguna uku ya rubuta: furosemide mai sa fitsari don ya janye ruwan, enalapril mai sauƙaƙa wa zuciya aikin turawa, sai carvedilol da ya ce za a fara da ɗan kaɗan bayan kumburin ya sauka, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ya tabbatar mata za ta ci gaba da shayarwa. Ya ce mu sayi sikeli ta riƙa hawa kowace safiya, idan nauyinta ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne yake dawowa, mu zo ba tare da jiran ranar da aka ba mu ba. Sannan ya nemi Hajiya ta ɗan ba mu wuri, ya yi mana maganar da ta fi kowace nauyi, wato cewa sabon ciki kafin zuciyar ta farfaɗo yana iya zama ajali, kuma enalapril kansa yana cutar da ɗan tayi, saboda haka maganar tazarar haihuwa ta zama wajibi a kanmu. Ni ya kalla lokacin da yake faɗin wannan, kuma ya yi daidai, domin a gidajenmu idan miji bai ji da kunnensa ba, matar ce take ɗaukar nauyin bayanin ita kaɗai.

Sai dai wurin yana da nasa aibu, kuma wanda ya fi damuna shi ne ɗakin eko yana saman bene. Mace mai haki da kumburin ƙafa ta hau matakala tana tsayawa sau uku, ni a gefe, nas a gefe, a gidan da aka buɗe musamman don masu ciwon zuciya. Wannan kuskure ne da za a iya gyarawa cikin yini ɗaya ta hanyar sauko da na'urar ɗakin ƙasa da suke ajiye takardu. Ana ba mutum lokaci, amma ba a cika shi, mun taɓa zama daga hantsi har aka kira azahar, kuma babu wurin alwala sai famfon da yake bayan gida. Layin wayar da suka ba mu don gaggawa ya yi ta ƙara babu mai ɗauka a wani daren Lahadi da numfashinta ya tsananta, dole muka nufi babban asibiti. Kantin maganinsu ma ya fi na waje tsada, wasu daga cikin ƙwayoyin kuma mun same su da katin inshora a wani wuri.

A zuwanmu na huɗu aka gaya mana cewa babban likitan, wanda dama yana koyarwa, an ba shi wani muƙamin shugabanci a makarantarsa, daga yanzu sai Asabar ɗaya ko biyu a wata za a riƙa ganinsa. Raina ya ɓaci sosai. Na ce a zuciyata, likitocin zuciya nawa ne a ƙasar nan da za a ɗauki wanda hannunsa ya faɗa a aikin a zaunar da shi yana sa hannu a takardu? Mutum yakan yi shekara shida a makarantar likitanci, ya ƙara wasu shekaru masu yawa kafin a kira shi ƙwararre a zuciya, sannan a daidai lokacin da idonsa ya fi kaifi a ce ya koma taron majalisar jami'a.

Da na nutsu na duba, sai na ga hanya ce da manya da yawa suka bi. Misali mafi fitowa fili shi ne David Skorton na Amurka, likitan zuciya da ya ƙware a kan matasa da manyan da aka haifa da naƙasar zuciya, da kuma fasahar ɗaukar hoton zuciya irin wadda aka yi wa mai ɗakina. Ya shiga Jami'ar Ayowa a 1980, ya yi fiye da shekara ashirin yana duba marasa lafiya yana koyarwa, ya riƙe ofishin kula da bincike, sannan ya zama shugabanta daga 2003 zuwa 2006. Daga nan ya shugabanci Jami'ar Cornell daga 2006 zuwa 2015, yana riƙe da kujerar farfesa a makarantar likitancinta a duk tsawon lokacin, kafin ya koma jagorancin Smithsonian, cibiyar gidajen tarihi da bincike ta Amurka, har 2019. A Najeriya akwai Farfesa Ayodele Falase, likitan zuciya da ya yi suna a binciken cututtukan tsokar zuciya, dangin ciwon da ya kama iyalina, wanda ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 2000 zuwa 2005. Kafin shi, Farfesa Oladipo Akinkugbe, masanin hawan jini da ciwon ƙoda, ya jagoranci Jami'ar Ilori a farkon kafuwarta, ya kuma riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1978 zuwa 1979. A nan gida muna da Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng, wanda shi likitan tiyatar zuciya ne. Ya dawo daga Jamus ya kafa cibiyar tiyatar zuciya ta ƙasa a Korle Bu da ke Accra a 1989, daga baya ya shugabanci asibitin baki ɗaya, ya kuma zama minista daga 2017 zuwa 2021. Cibiyar tana nan tana aiki bayan tafiyarsa, saboda ya horar da waɗanda suka gaje shi.

Na fahimci dalilin da ya sa jami'o'i suke kwaɗayin irin waɗannan mutane. Wanda ya saba yanke hukunci a kan ran mutum cikin ɗan lokaci, ya saba jagorantar nas da mai gwaji da ƙananan likitoci a kan mara lafiya ɗaya, ya kuma iya zama da tsohuwa kamar surukata ya sauya mata ra'ayi ba tare da ya ci mata fuska ba, zai iya zama da malamai da ɗalibai da gwamnati. Kuma shugaban makaranta ne yake yanke yawan ɗaliban da za a ɗauka, da na'urorin da za a saya, da wanda za a tura ƙarin karatu, abubuwan da suke tantance ko 'ya'yanmu za su sami likitan zuciya nan da shekara ashirin. Duk da haka ban janye ƙorafina gaba ɗaya ba. A Amurka idan Skorton ya koma ofis akwai ɗaruruwa a bayansa, mu kuwa idan ɗaya ya tashi, gurbinsa yana bayyana a layin masu jira. Don haka abin da nake auna irin wannan tafiya da shi shi ne wanda mutum ya bari a kan kujerar.

Da wannan ma'auni, asibitin ya ci jarrabawa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake ba da shawarar a je. Wadda ta karɓe mu matashiyar likita ce da babban likitan ya horar, kuma a ganinmu na farko da ita na zauna a ɗarare. Sai na ga ta buɗe fayil ɗin, ta riga ta karanta shi kafin mu shigo, ta san adadin da eko na farko ya nuna, ta tambayi littafin da muke rubuta nauyi a ciki, ta duba jijiyar wuyan mai ɗakina, ta saurari bayan ƙirjinta, ta danna ƙaurin kamar yadda ungozoma ta yi. Ta ƙara carvedilol mataki ɗaya, ta rage furosemide saboda ruwan ya janye, ta sa a duba ƙoda da gishirin jini, domin waɗannan magunguna suna iya taɓa su. Da na tambaye ta ko babban likitan ya san da canjin, ta nuna mini rubutunsa a gefen takardar, ta ce duk yammacin Juma'a suna bitar fayilolin masu irin wannan ciwo tare, ko ta waya ne. Mai ɗakina ma ta fi sakewa da ita, har ta yi mata tambayoyin da ta ji nauyin yi wa namiji, kuma a wurinta aka kammala zaɓen hanyar tazarar haihuwar da ta dace da mai ciwon zuciya.

Wanda zai je ya tafi da takardar ungozoma ko ta likitan da ya turo shi, da katin awon ciki, da duk ƙwayoyin da ake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, domin za a tambaya. Ya nemi a ba shi kwafin sakamakon eko ya riƙe a hannunsa, saboda daren da muka kwana a babban asibiti wannan takarda ce ta rage mana dogon bayani. Ya kuma tambaya tun ranar farko wane likita ne zai ci gaba da ganinsa idan babban ba ya nan.

Da aka cika wata shida aka maimaita eko, matashiyar ce ta yi, kuma ita ma ta juyo mana da allon. Bangon ɗakin nan na hagu yana matsewa yadda ko ni da ban san aikin ba na ga bambanci, adadin ya tashi daga 30 zuwa 48. Ta ce an samu ci gaba mai kyau amma ba a kai ga cikakkiyar warkewa ba, magani zai ci gaba, maganar ciki kuma tana nan a dakace har sai an sake dubawa. Hajiya, wadda ta rako mu a wannan karon ma, ta ɗaga hannu ta yi wa likitar addu'a mai tsawo, sannan ta tambaya ko yanzu za a iya mayar da 'yar kanwa kaɗan a miya, aka ce mata a'a tukuna. An ba mu wata ranar bayan wata uku, kuma har zuwa wannan ziyara na'urar eko tana saman bene, ko da yake a wannan karon mai ɗakina ta hau matakalar da jariri a bayanta ba ta tsaya ba.